Kun Tambaya, Mun Amsa: Gidajen Tarihin Asibitocin Landan da Yadda Ake Adana Tsofaffin Kayan Likitanci

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda, wato gidajen tarihin da ke adana labarin asibitoci da jinya. Mun kafa misalanmu a birnin Landan, domin asibitocinsa sun daɗe kuma ba su cika zubar da takardunsu ba. Masu aikin adana kayan tarihi da ma'aikatan lafiya ne suka haɗu a kan amsoshin.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibar makarantar koyon aikin jinya ce. Malaminmu ya ce a Landan akwai gidan tarihin da babu komai a cikinsa sai kayan asibiti na da. Da gaske ne? Me mutum zai gani idan ya shiga?
*Ɗaliba, daga Kano*

Wa alaikumus salam, Malama. Malaminku ya faɗi gaskiya, sai dai ya yi ragi, don ba guda ɗaya ba ne. Asibitin St Bartholomew, wanda mutanen gari ke kira Barts, an kafa shi a 1123, kuma har yau yana filin da aka fara gina shi. A taskarsa akwai takardar da Rahere, mutumin da ya kafa shi, ya bayar a 1137. A can ne William Harvey ya yi aiki, likitan da ya bayyana a 1628 cewa zuciya ce ke harba jini yana zagaya jiki. A asibitin St Mary an shirya ɗan ɗakin da Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928 kamar yadda yake a zamaninsa. Bethlem, wanda asalinsa ya koma 1247 kuma ya shahara da jinyar masu taɓin hankali, shi ma yana da nasa gidan tarihin.

Amma idan wuri ɗaya kawai mutum zai iya zuwa, mu dai Old Operating Theatre, wato tsohon ɗakin tiyata, za mu nuna masa, a titin St Thomas kusa da tashar jirgin ƙasa ta London Bridge. Ana hawa wata ƙuntatacciyar matakala mai murɗewa, taki 52, sai a tsinci kai tsakanin rufi da silin na wani coci da aka gama ginawa a 1703. Cocin na asibitin St Thomas ne, kuma ɗakin kwanciyar mata yana jingine da shi daidai tsayin wannan rufin. Da farko mai haɗa magungunan asibitin ne ke shanya ganyaye da saiwoyi a wurin, saboda ba danshi kuma ɓera bai cika kaiwa ba. Ko da aka zo gyara, an tsinci busassun kawunan furen da ake tatsar ofiyom daga gare shi a maƙale cikin katakon rufin.

A 1822 aka yanki rabin wurin aka mai da shi ɗakin tiyatar mata. Kafin nan a cikin ɗakin kwanciya ake yi wa mace aiki, sauran majinyata na ji suna gani. A 1862 asibitin ya sayar da filinsa ga kamfanin jirgin ƙasa ya tashi, daga baya ya zauna a Lambeth a 1871, tsallaken kogin Tems daura da majalisar dokoki. Aka toshe ƙofofin ɗakin, aka manta da shi kusan shekara ɗari, sai a 1956 wani mai bincike, Raymond Russell, ya bi tsofaffin takardun asibitin ya hau da tsani ya same shi. An buɗe shi ga jama'a a 1962.

Abin da za ki gani: tebur na katako a tsakiya, ɗan gajere, mai matashin kai na katako, akwatin garin katako a ƙarƙashinsa, wanda ake turawa da ƙafa zuwa inda jini ke zuba, tagar gilashi a rufi, domin da hasken rana ake aiki, sai matattakalai da suka kewaye teburin kamar kofaton doki, inda ɗalibai ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Daɓen ma hawa biyu ne, an cusa garin katako a tsakani don kada jini ya ɗiga kan masu ibada a ƙasa. Ki sani cewa matattakalan da kayan ɗakin sake haɗa su aka yi, ginin ne na asali. Gidan tarihi mai mutunci yakan faɗi wannan a fili, kuma ya dace mai ziyara ya riƙa tambaya: wannan shi ne ainihin abin, ko kwaikwayonsa?

Edita, abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ake yanke ƙafar mutum yana farke. Yaya ake yi a aikace? Kuma zafin ne ke kashe su, ko zubar jini?
*Mai karatu, daga Damagaram*

Malam, duka biyun suna kisa, amma ba su ne suka fi ɗibar rayuka ba. Bari mu fara da aikin.

Ana kwantar da majinyaci, ƙarti su danne shi. Wani lokaci a ba shi ɗan ruwan ofiyom ko barasa, wanda bai taka kara ya karya ba. A ɗaura maɗauri a saman inda za a yanke, irin mai kusar murɗawa da Bafaranshen nan Jean-Louis Petit ya ƙirƙiro a 1718, a murɗa har bugun jini ya ɗauke a ƙasa. Likita ya zagaye gaɓar da doguwar wuƙa ya yanke fata, mataimaki ya ja ta sama, a sake zagayawa a yanke tsoka. Sai a ja naman sama da ƙyalle don a tsinke ƙashin da zarto can ciki, sama da bakin naman. Wannan matakin shi ne ke raba gwani da ɗan koyo: idan aka yanke ƙashi daidai da nama, naman zai ja da baya yayin warkewa, ƙashin ya leƙo, dungun ya ƙi rufewa. Bayan haka a riƙa zaƙulo jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙugiya, a ɗaure kowacce da zaren siliki, a sassauta maɗaurin a hankali a ga ko akwai inda ke tsartuwa.

Yankan kansa minti ɗaya ne ko biyu a hannun ƙwararre. Ɗaurin jijiyoyin ne ke cin lokaci. Sauri shi ne kaɗai jinƙan da likita ke da shi har zuwa 16 ga Oktoba 1846, ranar da William Morton ya nuna a Boston ta Amurka cewa shaƙar wani sinadari mai suna ita (ether) na sa barcin da ba a jin wuƙa. A 21 ga Disamba na shekarar Robert Liston ya yanke ƙafa da shi a asibitin University College na Landan, kuma a 1847 James Young Simpson na Edinbara ya shigo da kulorofom, wani maganin barcin. Lissafa ka gani: ɗakin da muka ambata ya yi shekara 24 ana aiki a cikinsa ba maganin barci.

Babban makashin kuwa yana zuwa ne bayan kwana uku ko huɗu. Zaren silikin nan barin sa ake yi da tsawo yana leƙowa daga ciwon, don a zare shi idan ya saki, ashe hanya aka shimfiɗa wa ƙwayoyin cuta har cikin jijiya. Likita yakan sa tsohuwar kwat da jini ya bushe a kanta, ya wanke hannu bayan aiki maimakon kafinsa, soson da aka goge wa wannan a goge wa wancan. Har ɗauka suke yi fitowar farar mugunya alamar sauƙi ce. Sai zazzaɓi mai karkarwa ya sauka, ko naman ya ruɓe, ko dafin ya bi jini. Wannan ya sa masu hali ba sa zuwa asibiti, a gida ake yi musu aiki a kan tebur. Asibiti na talaka ne, wasu ma sai an sami wanda ya tsaya wa majinyaci kan kuɗin binnewa kafin a ba shi gado.

Joseph Lister ne ya karya wannan a Gilasgo. A Agustan 1865 ya rufe karayar wani yaro ɗan shekara 11, wadda ƙashi ya huda fata, da ƙyallen da aka jiƙa da sinadarin kabolik mai kashe ƙwayoyin cuta, ƙafar ta warke ba a yanke ba. Ya wallafa hanyarsa a 1867. Hannu da kayan aiki a ruwan kabolik ake tsoma su, kashi ɗaya cikin ashirin. Alƙalumansa na yanke gaɓa: kafin kabolik mutum 16 cikin 35 suka mutu, bayansa 6 cikin 40. Ɗakin cocin St Thomas an rufe shi shekara uku kafin wannan yaron, ke nan bai taɓa ganin tiyata mai tsafta ba ko sau ɗaya.

Ga wata dabara idan kana kallon kayan tiyata a akwatin gilashi: dubi mariƙin. In na hauren giwa ne ko baƙin katako mai zane, a kwance cikin akwati mai shimfiɗar karammiski, kusan ko yaushe na kafin zamanin dafa kayan aiki ne, don haure da katako ba sa jure tafasa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 aka koma ƙarfe zalla, sumul, wanda ake kwancewa a wanke. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa sai bayan 1913, shekarar da Harry Brearley ya samar da shi a Sheffield.

Na ga hoton wasu ƙananan kofunan gilashi a irin wannan gidan tarihi, aka rubuta wai na zuƙar jini ne. Ashe Turawa ma sun yi ƙaho?
*Wanzami, daga Katsina*

Sun yi, Malam, har asibitocin Landan sun riƙa ɗaukar mai yin ƙaho aiki. Bambancin na kayan aiki ne. Maimakon ƙahon sa da zuƙa da baki, sukan ɗumama cikin kofin da 'yar fitilar sifirit su kifa a fata, iskar ciki na hucewa sai ta ja naman. Maimakon aska kuma akwai wani ɗan akwatin tagulla mai reza da yawa, galibi goma sha biyu, wanda ake ɗanawa a danna ya yi tsaga gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, da kusar daidaita zurfi. Kusa da su za ka ga tulun tangaran mai murfi huje-huje, na ajiye matsattsaku. Abin ya fara ja da baya ne bayan da Pierre Louis ya ƙirga masu ciwon huhu a Faris a shekarun 1830, ya ga ɗibar jini ba ta ba da amfanin da ake zato ba. Wancan akwatin reza kuwa ba ya wankuwa ciki, abin da ya isa dalilin ajiye shi a gidan tarihi. Ciwon hanta da ƙanjamau ta irin wannan ƙofar suke bi, shi ya sa sabuwar reza ga kowane mutum ba abin sassauci ba ce.

In ka sake samun hotunan, nemi ɓawon itacen sinkona a sashen ganyaye. Daga gare shi aka tace kwinin a 1820, kuma shi ne William Baikie ya riƙa bai wa mutanen jirginsa kullum a tafiyarsu ta kogin Kwara da Binuwai a 1854, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe.

Ranka ya daɗe, ni ma'ajin kaya ne a wani tsohon asibiti. Akwai sito da aka daɗe ba a buɗe ba, cike da na'urori, kwalabe, hotunan ƙashi da rajistoci. Shugabanni sun amince mu ware ɗaki mu baje su don tarihi. Ta ina zan fara?
*Ma'aji, daga Jos*

Madalla da wannan niyya, Malam. Amma kada ka fara da tsintsiya. Tsohon siton asibiti ba kamar na makaranta ba ne, akwai abubuwan da ke kisa a ciki. Rana ta farko buɗe ƙofa da tagogi kawai za a yi, iska ta ratsa na wasu sa'o'i. Sannan a shiga mutum biyu, da safar hannu ta roba, takunkumi mai tace ƙura da takalmi rufaffe, a ɗauki hoton kowane lungu kafin a motsa komai.

Abu na farko da za ka nema shi ne duk wani ɗan akwati ko tulu mai nauyin da ya wuce girmansa. Wannan nauyin darma ce, kuma darma ba ta rufe abin banza. A da ana jinyar ciwon daji da alluran radiyom, wanda sai ya shekara 1600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. In ka ga irin wannan, ko alamar fuka-fuki uku ta tururin nukiliya, ka fita, ka kulle, a sanar da hukumar kula da harkokin nukiliya, wato NNRA a Najeriya. A 1987 a garin Goiânia na Barazil masu neman ƙarafa suka fasa na'urar gashin ciwon daji da aka bari a wani asibitin da ya tashi; mutum huɗu suka mutu, aka auna fiye da mutum dubu ɗari.

Na biyu kwalabe. Kada ka buɗe ko ɗaya don ka sansana. Kwalbar da ke da rawayen gari ko rawayen ƙanƙara a bakin murfi tana iya zama sinadarin fikirik, wanda aka yi amfani da shi a kan ƙuna da kuma ɗakin gwaji. Yana jiƙe lafiya lau, in ya bushe ya zama nakiya, murɗa murfin kaɗai na iya tayar da shi. Tsohuwar kwalbar ita, maganin barcin nan, ita ma in ta shekara da yawa tana tara wani abu mai fashewa. Ƙananan kwalaben allura da aka liƙe bakinsu da wuta, a bar su yadda suke: a 2014 an tsinci guda shida masu ɗauke da ƙwayar cutar agana a wani tsohon ɗakin ajiya a Bethesda ta Amurka, shekaru da dama bayan an kawar da cutar daga duniya. Kwalbar da kake son nunawa, masanin haɗa magunguna ne zai rubuta abin da ke ciki, a zubar ta hanyar da doka ta tsara, a nuna kwalbar da takardarta.

Na uku zaiba. Tsohon ma'aunin hawan jini mai tsayuwa yana ɗauke da giram 80 zuwa 100, kuma tururinta ba ya wari, zafi kuma na ƙara shi. In ta zube, a fitar da yara da masu juna biyu, a cire zoben zinariya don tana manne masa, a tattara ƙwayoyin da kwali mai kauri, a zuƙe da sirinji marar allura, ƙananan a ɗauke da salatif, a barbaɗa farar wuta a wurin, a rufe duka cikin roba mai murfi. Tsintsiya farfasa ta take yi ta watsa, injin zuƙar shara kuwa ya mai da ita tururi ya feso maka.

Na huɗu hotunan ƙashi. Dubi gefen fim ɗin. In an rubuta NITRATE, ko ya yi rawaya yana danƙo yana wari mai yaji, to mai cin wuta ne da kansa, kuma ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Irinsa ne ya kama a asibitin Cleveland Clinic a 15 ga Mayu 1929, hayaƙinsa ya kashe mutum 123. A fitar da shi daga ginin da mutane ke kwana. Wanda aka rubuta wa SAFETY ba ya wannan, sai dai in ya fara warin tsami kamar ruwan kal, to ya soma lalacewa, a ware shi kada ya harbi sauran, a ɗauki hotonsa a kan haske tun yana karantuwa. Sai farin abu mai kama da auduga da aka naɗe tsofaffin tukwanen dafa kayan aiki da bututunsu: asbestos ne, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kada a kankare.

In an gama da waɗannan sai rajista. Kowane abu ya sami lamba mai kashi uku, shekara, rukuni, da lambar abin, kamar 2025.1.14. A rubuta inda aka same shi, sunan maƙeri in akwai, tsawo da faɗi, da halin da yake ciki. Lambar a rataya ta da zare a ɗan kati, a takarda kuma a rubuta da fensir mai laushi, ban da biro da maka. Kuma ka nemi tsofaffin nas-nas, unguwarzoma da masu share ɗakin tiyata da suka yi ritaya tun suna raye, ka ɗauki muryarsu suna bayanin kowane abu. Almakashin da ba a san wanda ya riƙe shi ba ƙarfe ne kawai.

Muna da akwatin kayan tiyata na kakanmu da ya yi aikin asibiti, da littattafan rajista biyu. Ƙarafan sun yi tsatsa, takardun sun fara cinyewa. In goge su da sanfefa in shafa man inji? Takardun kuma in kai a yi musu lamineshin?
*Hajiya, daga Zariya*

A'a, Hajiya, kada garin neman gira a rasa ido. Sanfefa za ta tafi da rufin ƙarfen da tambarin maƙeri, wanda shi ne shaidar shekarun abin. Man inji kuma yana kama ƙura, ya yi danƙo, ya ɓata shimfiɗar akwatin. A share da busasshen burushi mai laushi, a goge maiƙo da auduga da ɗan sifirit ba tare da an taɓa mariƙin haure ko katako ba, a bari ya bushe, sannan a shafa kakin adana kaya siriri, irin Renaissance Wax, a goge da ƙyalle. Kada a riƙe da hannu tsirara, gishirin zufa ke zana yatsa a ƙarfe.

Tsatsa daga laimar iska take, don haka ki sayi ɗan ma'aunin laima. Ki gwada gaskiyarsa tukuna: gishirin girki a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙe bai narke ba, a rufe shi da ma'aunin a roba marar shigar iska kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna kashi 75. In ya nuna 70, kin san kullum za ki ƙara biyar. Gidajen tarihi suna riƙe kayan da suka haɗa ƙarfe, katako da takarda tsakanin kashi 40 da 60. Sama da 65 fumfuna ke tashi. A ƙasarmu matsalar biyu ce, hunturu ya sauke laima ƙasa da kashi 20 haure da katako su tsage, Agusta ta haura da ita sama da 70 ƙarfe ya ci tsatsa. Hawa da saukar nan ta fi kowanne ɓarna. Maganinta akwati mai rufuwa ruf da silika jel, wato ƙwayoyin da ke shanye laima, a ciki, ƙa'idar kilo 20 ga akwati mai faɗin mita ɗaya, tsawo ɗaya, zurfi ɗaya. Ƙaramin akwati sai a rage gwargwado. In ya sha ruwa a gasa shi a tanda a zafin digiri 120 na 'yan sa'o'i. Bututun roba da safar hannu na da a raba su da ƙarafa, domin roba in ta tsufa tana fitar da iskar da ke baƙanta azurfa. Sabon filawud da sabon fenti su ma suna fitar da tsami, a bar akwatin da aka yi wa fenti ya sha iska mako huɗu kafin a sa komai.

Lamineshin kuwa hukuncin kisa ne ga takarda, zafi da gam ɗin ba sa fita. A cire filin ƙarfe da robar ɗauri, kada a liƙa salatif. In ƙwari ne ke ci, a sa littafin a leda mai kauri, a matse iska, a liƙe, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har mako biyu; in wuta ta ɗauke ya narke, lissafi ya koma farko. Da an fitar a bar shi cikin ledarsa kwana ɗaya, raɓar ta sauka a kan leda maimakon takarda. Haure da gilashi ba sa shiga firiza. A ajiye a kantar ƙarfe, aƙalla santimita 15 daga ƙasa, nesa da bango saboda gara, nesa da taga saboda rana na cinye tawada.

Wani abu kuma, rajistar asibiti sirrin mutane ce. Taskokin asibitocin Landan sukan rufe bayanan majinyata shekara 100 kafin kowa ya gani. In za ki ɗauki hoton shafi ki tura wa dangi, ki rufe sunaye da unguwanni.

Na ji a waɗannan gidaje har sassan jikin mutum ake ajiyewa a kwalba. Me ke hana su ruɓewa? Kuma ba wanda ke tsawatarwa?
*Malamin makaranta, daga Kumasi*

Akwai su, Malam. Taskar nazarin cututtuka ta Barts kaɗai tana da kimanin 5,000, gidan tarihin Hunterian kuma yana nuna waɗanda likitan tiyata John Hunter ya tara a ƙarni na 18. An tara su ne don koyar da ɗalibai kamannin cuta a lokacin da babu hoton ciki.

Aikin hawa biyu ne. Da farko a sandarar da naman, sannan a ajiye shi. A zamanin Hunter barasa mai ƙarfi ce ke yin duka biyun, a rufe bakin kwalbar da mafitsarar alade da fallen darma, a shafe da baƙin fenti ko kwalta. Daga 1893, da Ferdinand Blum ya gano amfanin fomalin, sai aka koma jiƙa naman a fomalin mai kashi 10, daga nan a mayar da shi cikin sifirit mai kashi 70, ko ruwan Kaiserling mai gilisarin, wanda ke riƙe launi. Ɓarnar daga murfi take farawa. Da ya tsage sifirit ke riga ruwa tashi, sai ka ga kwalba da saura amma ƙarfin ya faɗi, fumfuna ta samu wuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika ta da duk abin da ke kusa. In ruwan bai dace da na ciki ba sai ya yi fari kamar koko, in ƙarfin ya yi tsalle naman ya motse, in kuma kwalbar ta roba mai kama da gilashi ce sifirit ya tsattsaga ta. Ƙa'ida ita ce a fara auna nauyin ruwan a gane ko mene ne, sannan a ɗaga ƙarfinsa daki-daki, 20, 40, 60, har 70, ana ba kowane mataki lokacinsa. Fomalin na jawo ciwon daji, ba a buɗe shi sai inda ake zuƙe iska.

Tsawatarwa kuwa akwai, kodayake ta makara. Kafin dokar Birtaniya ta 1832 gawar da makarantun likitanci ke samu da izini ta waɗanda aka rataye ce, sauran daga masu tonon kaburbura ake saye; dokar ta buɗe musu gawar talakan da ba wanda ya zo nema, abin da shi ma ba adalci ba ne. Yanzu a ƙarƙashin dokar 2004, nuna sashen jikin wanda bai cika shekara 100 da mutuwa ba sai da lasisi. Shahararren misali shi ne Charles Byrne, ɗan Ailan mai tsawon kusan mita 2.3, wanda ya rasu a 1783 bayan ya nemi a jefa gawarsa a teku don gudun wuƙar likitoci. Hunter ya sayi gawar, ƙwarangwal ɗin ya yi kusan ƙarni biyu ana kallonsa. Da aka sake buɗe Hunterian a 2023 an janye shi daga idon jama'a, amma ba a binne shi ba, kuma a ganinmu wasiyyarsa tana nan ba a cika ba.

Ga asibitin da ya tsinci irin waɗannan kwalabe a sitonsa, shawararmu kada su shiga ɗakin baje koli. Waɗanda ke da lamba da bayanin cuta a miƙa su ga sashen nazarin cututtuka na asibitin koyarwa, a tsaye, kowace a cikin bokiti mai murfi da tsumma kewaye da ita. Waɗanda suka bushe ko takardarsu ta ɓata, kwamitin ɗa'a na asibitin ya zauna da malaman addini a rubuta yadda za a binne su, a ajiye kwafin takardar a fayil ɗin rajista.